Layin da Kawu Ya Tsallake

Zuwa ga 'yata, Malamar laburare,

Gaisuwa cike da mudu, har da gyara a kai. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni dai alhamdu lillahi, in ban da gwiwar hagu da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa duk lokacin da na tashi daga benci. Kasuwar yadi tana nan yadda kika san ta, masu taɓawa goma, mai saye ɗaya.

Kada ki yi mamakin tsintar wasiƙata a buhun littattafanku. Direban motar laburare da ke zagaya rassa duk mako biyu mutumina ne, ni na zaɓa masa yadin rigar da yake taƙama da ita. Shi ya gaya mini Yaya, mahaifiyarki, ta daina gani gaba ɗaya tun bara, kuma yanzu littattafan sauraro kike kai mata gida a wata 'yar na'ura mai maɓalli uku. Da waya zan kira ki, amma na san kunnen Yaya. Tun tana da ido takan ji faɗuwar allura a ɗaki na uku, balle yanzu da kunnen ya gaji aikin ido.

Kin san abin da ke tsakaninmu, kina tsaye a wurin. Ni ba ƙanenta na ciki ɗaya ba ne, kakanninmu ne wa da ƙane, amma a ɗakinta na tashi. Ita ta koya mini karatu, yatsana a cikin hannunta tana bin layi da shi. Da mahaifinki ya kwanta ciwon ajali ta aiko mini har sau uku, ni kuma na ce bari a ci kasuwar Laraba tukuna. Na iso bayan an binne shi da kwana biyu, na buɗe baki na ce mota ce ta lalace a hanya. Har sunan ƙarfen da ya karye na faɗa. Ta bari na gama tsaf, sannan ta kira ni da sunan da ta raɗa mini tun ina yaro, ta ce, "Garaje, bakinka ya ishe ni. Kada in ƙara jin muryarka a gidan nan." Shekara tara ke nan, kuma na kiyaye.

To, ga hajar da na zo da ita. Reshen laburarenmu na bayan tasha ya manna takarda a ƙofa, ana neman masu karanta littattafan Hausa a ɗauki muryarsu, saboda makafi da tsofaffi da waɗanda ba su samu shiga aji ba. Na shiga na gwada. Wani ɗan ɗaki ne da aka lulluɓe bangonsa da soso, sai tebur da makirfo da kofin ruwa. Mai ɗaukar muryar wani dattijo ne da ya yi ritaya daga gidan rediyo, fuskarsa kullum kamar ta wanda ya taka ƙaya. Ya saurare ni minti biyu, ya ce muryar ta yi, sai dai in daina karatu kamar ina kiran masu saye.

Na tambayi littafin nan na direban jirgin ƙasa da 'yarsa, wanda Yaya ta shekara ashirin tana karantar da 'yan aji huɗu da shi. Suna da shi, bangon ya yage amma cikin lafiya lau. Shi zan karanta, Talata da Alhamis in na rufe rumfa da la'asar. Duk kashin da aka gama za a raba wa rassa, har da naku. Roƙona ƙarami ne, ki sa mata shi a na'urarta. Ni aka kora daga gidan, ba a kori littafi ba.

In da hali kuma, zan ɗan ƙara magana biyu a ƙarshen babin ƙarshe, tsakanina da ita.

Kawunki mai yadi

*

Kawu,

Takardarka ta iso a matse tsakanin ƙamus da littafin kiwon kaji. Muna lafiya, yara suna gaishe ka duk da ƙaramar ba ta san ka ba. Mama tana cin abinci, hawan jinin ya sauka, sai dai ba ta yarda ta fito ko ƙofar ɗaki, wai ba ta son a riƙa jan hannunta kamar akuya. Littattafan nan ne ke cika mata yini. Na Hausa goma sha ɗaya ne kacal muke da su, kowanne ta ji shi sau huɗu, har faɗa take yi da masu karatun su ba su sani ba.

Zan sa mata. Amma da sharaɗi biyu.

Na farko, ba zan yi mata ƙarya ba. In ta tambayi wane ne, zan faɗa.

Na biyu, babu magana biyu, babu ko rabi. Littafin na jama'a ne. A reshenmu kaɗai mutum sittin da uku ke aron na'ura. Akwai wani tsohon tela da ciwon sukari ya ɗauke wa ido, akwai mata biyu masu wankin asibiti da ke saurare suna guga, akwai direbobin manyan motoci. Ba za su ari labarin jirgin ƙasa su tarar da rigimar gidanmu a ciki ba. Dokarmu ita ce abin da ke rubuce shi ake karantawa, ba ƙari ba ragi. Na san hannunka bai saba miƙa kaya ba gyara ba, amma ka daure.

Na'urar tana riƙe wurin da mai sauraro ya tsaya, in na ɗauka zan yi mata caji nakan gani. Duk abin da na gani zan gaya maka.

'Yarka

*

'Yata,

Sharuɗɗanki sun iso, na karɓa ba tayi ba ragi, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Gwiwa da sauƙi. Ki shafa mini kan ƙaramar.

Ashe karatu a gaban makirfo ya fi awon yadi wuya. Ranar farko na je da shaddata mai sitaci don in girmama littafi. Dattijon rediyo ya ce duk motsin da na yi, na'ura ji take kamar ana taka busasshen ganye. Ya sa na tuɓe na zauna da singileti. Ya karɓe agogona. Ya hana ni lasar yatsa in zan juya shafi. Da cikina ya yi ƙugi ya tsayar da aiki ya ce, "Mai yadi, mutum ɗaya muka ɗauka, wannan na biyun wa ya gayyato shi?" Kwafin littafin ɗaya ne tak kuma yana hannuna, don haka shi ba ya bin rubutu, tari da ƙarar babur kawai yake farauta.

Abin da ya fi ba ni wuya, a rumfa fuska nake yi wa magana, in ga inda ido ya karkata in bi. Nan kuwa sai soso. Dattijon ya ce dabarar ita ce ka zaɓi mutum ɗaya a ranka, ka zaunar da shi a gabanka, ka karanta masa. Na ce masa ai da ita na shigo.

Kashi na farko yana cikin motar nan. Huɗu ne duka.

Kawunki

*

Kawu,

Lafiya lau muke. Direba na tsaye a kaina yana kaɗa makulli. Na sa wa Mama jiya da safe kafin in fito aiki. Da na dawo na tarar da na'urar a kan tebur, an kashe ta, an naɗe wayar abin sawa a kunne. Ta tsaya a minti na goma sha ɗaya. Sauran bayani sai mota ta gaba.

'Yarka

*

'Yata,

Ina fatan kowa lafiya. Wannan ta gidan waya na aiko, don na daina bin hanyar bayan tasha.

Mako bakwai ba takarda. Na gane, ba sai kin wahalar da kanki neman kalmomi masu taushi ba. Ɗan kasuwa ya san mai sayen da ya taɓa yadi ya ajiye, ya ce bari ya zagayo. Minti goma sha ɗaya ma ta yi ƙoƙari. Ni da na ji muryar a na'ura ban kai biyar ba.

Dattijon ya aiko sau biyu, na ce maƙogwaro ke damuna. Wannan ma ƙarya ce, ga shi na faɗa miki da bakina, da alama tsufa ya fara ɓata ni. Ki cire mata shi. A nemo wani mai tsabtar baki ya karanta daga farko, kada muryata ta raba ta da littafin da ta fi so. Tunanin da ke ci mini rai ke nan, na je neman shiga, na ƙare da toshe mata ƙofa ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da suka rage mata.

Tana shan maganinta a kan lokaci? Da can takan ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe ta tofar in an juya baya. Ki riƙa tsayawa sai ta yi magana.

Kawunki

*

Kawu,

Ka zauna kafin ka karanta, saboda gwiwar. Motar laburare ce ta lalace. Da gaske. Mako biyar tana wurin makaniki, wasiƙata na kwance a cikin buhu. Na san kai dai ba ka da bakin yin ƙorafi a kan wannan.

Ga abin da ke cikinta. Kwana biyu Mama ba ta taɓa na'urar ba. Rana ta uku ina saka takalmi zan fita ta ce, "Ke, wanda ya karanta littafin jirgin nan ya ci layi ɗaya." Na ce wane layi? Ta ce inda yarinyar ke cika wa ubanta gorar ruwa kafin ya tafi aiki, sai ta ɗanɗana ta ji ko ya yi sanyi. "Ya cika gora ya tura mutum tasha, bai bar yarinya ta ɗanɗana ba." A nan ta kashe, don haushi. Ta ce shekara ashirin da wannan layin take gane yaron da ke karatu da wanda ke gudu.

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa ina jira ta tambayi wane ne. Ba ta tambaya ba. Ta ce in sanar da mutanen laburare su gaya wa mai karatun ya riƙa sa yatsa a ƙarƙashin layi. Sai ta juya fuska wajen bango ta ce, "Tun yana ɗan shekara shida haka yake, kamar ana korarsa."

Daga ranar ta saurari kashin har ƙarshe, sau biyar a iya abin da na gani. Ta tambayi na biyu, na ce an ce mai karatun maƙogwaro ke damunsa, don abin da reshenku ya sanar da mu ke nan. Ta ce a gaya masa ya sha ruwan ɗumi da zuma, ya kuma rage surutu.

Maganin tana sha. Ashe ka san zancen harshen, ni sai da na yi wata uku kafin in gano.

'Yarka

*

'Yata,

Na karanta takardarki a tsaye duk da gargaɗinki, na yanka wa wata mata yadi shida a maimakon biyar, ta tafi tana sa mini albarka. Lafiyata ƙalau. Maƙogwaro ya warke nan take, zumar Yaya tun daga nesa take aiki.

Na duba shafi na tara. Layin yana nan zaune, ni ne na haure shi. An sake ɗauka. Shekara tara ko zagi ban samu daga bakinta ba, yau ga saƙo har da umarni da magani.

Kashi na biyu da na uku suna tafe. Sai dai ki yi haƙuri in an sake samun 'yar tangarɗa nan da can. Ido ya fara tsufa, fitilar ɗakin nan kuma ba ta da ƙarfi.

Kawunki

*

Kawu,

Muna lafiya. Mama ta fara fitowa ƙofar ɗaki da kanta, ta zauna a hantsi da na'ura a cinya kamar alƙali.

A kashi na biyu ta kama layi huɗu. A na uku tara, da sakin layi guda cur. Kullum in na dawo aiki sai ta sa na ɗauko biro kafin in ajiye jaka. Rabona da ganinta da wannan kuzari tun Baba na da rai, shi ya sa na yi shiru da farko, kuma wannan laifina ne. Amma Kawu, mutumin da ke hango ɓarawon yadi daga rumfa ta biyar idonsa bai tsufa ba. Abin mamaki kuma, duk layin da ya ɓace sai wanda ka san tana so.

Shekaranjiya tsohon telan nan ya zo, matarsa na riƙe da hannunsa. Ya ajiye na'ura a kan kantata ya ce, "Malama, jirgin nan yana wannan gaɓar kogi, na yi atishawa, sai na ji shi a waccan gaɓar. Ina gadar?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce sau shida yana komawa baya yana nemanta. Sai ya rage murya don kada matarsa ta ji, ya ce, "Ko dai kaina ne ya fara tafiya?" Ba shi da littafin da zai duba, ba shi da idon dubawa. Abin da ka karanta, a wurinsa shi ne littafin. Na janye kashi na biyu da na uku daga duk na'urorinmu.

Na gaya wa Mama zancen telan. Ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

"Garaje. Na san tauye mudu in na ji shi. Na farkon kuskure ne, sauran duk da gangan ka yi don in yi ta aiko maka. Ni ma na biye maka, don haka laifin namu ne mu biyu. Amma makafin garin nan ba su yi maka komai ba. Ka koma ka karanta musu littafinsu cikakke. In ka gama, akwai layin da ka tsallake shekara tara, shi ba a na'ura ake karanta shi ba. Ƙofar tana inda ka bar ta."

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa, yau kam daidai mudu. An kama ni da almakashi a hannu.

Zancen telan ya hana ni cin abincin rana. Shekara talatin ban taɓa rage wa makaho inci ɗaya a awo ba, sai ga shi na sace wa wani gada sukutum. Na faɗa wa dattijon rediyo gaskiya. Ya cire tabarau ya daɗe yana kallona, sannan ya ce daga yau ba za a sake ɗaukar muryar kowa ba sai da kwafi biyu. Ya sa aka yi hoton shafukan, shi da kansa yake bina da rula layi-layi. Mako uku muka yi. Kashi huɗu duka suna cikin buhun nan, ba ƙari ba ragi.

Ki ba telan haƙuri da sunana. Ki ce masa kansa lafiya lau, mai karatu ne ɓarawo, gadar kuma ta dawo.

Zan biyo motar haya ranar Asabar. In ta lalace a hanya, da ƙafa zan ƙaraso.

Kawunki

*

'Yata,

Na iso lafiya, na tarar wai an tura ki zagayen rassa na mako guda. Wai. Jinin kasuwa dai yana jikinki. Zan ba direba wannan ya cim miki da ita.

A hanya na tsara jawabi mai kyau, har da karin magana uku. Na yi sallama a bakin ƙofa. Tana zaune a kujerar roba, ta rame, na'urarku a cinyarta. Ta ce, "Takunka bai canza ba, sai dai ƙafar hagu na jan baya." Da na durƙusa jawabin duk ya zube. Na ce, "Yaya, mota ba ta lalace ba. Kasuwa na tsaya ci."

Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Iyakar abin da na zo da shi ke nan."

Ta ce, "Marigayi ya tambaye ka ranar ƙarshe. Na ce masa kana hanya. Ka sa ni ma na yi ƙarya, ga mutumin da ba zan iya komawa in gyara masa ba. Wannan ne ya tsaya mini a wuya, ba rashin zuwanka ba."

Ban san wannan ba, 'yata, kuma da wuya in ke ma kin sani. Sai ta miƙo hannu ta lalubo kaina, ta ture hular, ta ce ashe sanƙo ya cinye ni ba wanda ya gaya mata. Ta yi kuka kaɗan. Nawa ba kaɗan ba ne.

Rumfa tana rufe. Laraba ta ci ba ni, in ta ga dama ta sake ci.

Bayan mun ci abinci ta sa na jawo akwatinta, na ciro tsohon kwafinta daga can ƙasa, mai jan biro a gefen shafuka. Ta ce in karanta. Na ce daga ina, daga gadar? Ta ce daga shafin farko. Na ce, "Yaya, ai nan ba ni da kuskure, kuma duk yana cikin na'ura." Ta ce, "Na'ura ba ta da kunnen da zan ja." Ta kama yatsana ta ɗora a kan shafi, a gefen da babu rubutu. Na matsar da hannayenmu a hankali zuwa kan layi.

Mun kai shafi na tara. Yarinyar ta ɗanɗana ruwan.

Kawunki mai yadi